Barikanci a Bakin Samanja: Nazarin Gwanintar Usman Baba Pategi a Wasan Kwaikwayon Talabijin

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba yadda ake koyar da wasan kwaikwayon Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi na ƙasar nan zai tarar cewa kusan dukkan hankali ya karkata ne ga wasannin da aka buga a littafi. Ɗalibi yakan fara da wasannin nan shida na R. M. East, ya biyo ta kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, ya dire a kan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Wannan ba abin zargi ba ne, domin littafi shi ne abin da malami zai iya riƙewa a hannu ya shiga aji da shi. Sai dai kuma idan aka tambayi mutumin da ya yi wayo a Arewa tsakanin 1970 da 1990 wane wasan kwaikwayo ya sani, da wuya ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne Samanja, ko Karkuzu, ko Golobo, ko Kuliya, ko Karambana. Waɗannan su ne wasannin da jama'a suka taru a ƙofar gidan mai akwatin talabijin suka kalla, suka kuma wayi gari suna maimaita maganganunsu a kasuwa da makaranta.

Masu waɗannan wasanni suna ta ƙarewa. Allah ya yi wa Ƙasimu Yero rasuwa a 2017, Usman Baba Pategi a 2023, Abdullahi Shu'aibu Karkuzu kuma a 2025. An yi musu ta'aziyya a jaridu da gidajen rediyo, an ce sun ba da dariya, sun kuma faɗakar. Wannan yabo gaskiya ne, amma bai nuna inda gwanintar take ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato Usman Baba Pategi, ta nuna cewa ginshiƙin fasaharsa shi ne yadda ya sarrafa wani nau'i na Hausa da ake kira Barikanci, har ya mayar da shi kayan aikin adabi. Za a fara da bayanin yadda ake shirya wasan talabijin a wancan zamani, sannan a dubi ɗan wasan da zamaninsa, da nau'in harshen da ya zaɓa, da yadda ya yi aiki da shi, da kuma inda aikin ya yi rauni.

2.0 Wane ne Mawallafin Wasan Talabijin?

An buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, shekara uku bayan na Ibadan. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar ƙarƙashin hukuma guda, wato NTA, daga baya kuma jihohi suka sake kafa nasu, kamar yadda Kano ta yi a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Kowane gida yana bukatar shiri cikin harshen jama'arsa duk mako, ga shi kuɗi kaɗan ne, lokaci kuma ƙurarre. Saboda haka galibi ba a rubuta wasa kalma da kalma. Mai shiryawa yakan zo da ƙashin labari, a zauna a tattauna, a raba wa kowa matsayinsa, a gwada, sannan a ɗauka. Abin da kowane ɗan wasa zai faɗa a gaban na'ura, da yadda zai faɗe shi, wannan ya rage nasa.

Wannan tsari yana da muhimmanci ga manazarci. A rubutaccen wasa, mawallafi shi ne mai harshe, ɗan wasa kuwa aro yake yi. A wasan talabijin na wancan zamani, mai shiryawa shi ne mai labari, amma harshen na ɗan wasa ne. Ke nan idan aka auna waɗannan wasanni da ma'aunin jigo da zubi da tsari kawai, kamar yadda aka saba yi wa littattafai, za a ga kamar ba su taka kara sun karya ba, domin labaransu gajeru ne, sau da yawa ma mai kallo ya san inda za su ƙare. Ma'aunin da ya fi dacewa da su shi ne na adabin baka. Ba a yaba wa mai tatsuniya don ya ƙago Gizo, ana yaba masa ne don yadda ya sa Gizo ya yi magana. Haka kuma abin da ya faru da sunayen waɗannan mutane ya ƙara tabbatar da kusancinsu da adabin baka: sunan wasa ya haɗiye sunan yanka, ta yadda mutane da yawa ba su san Samanja ko Karkuzu ko Golobo da wani suna ba sai ranar da aka ba da sanarwar rasuwa ko rashin lafiya.

3.0 Samanja da Zamaninsa

Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara ta yau. Ya zo Kaduna yana matashi, ya yi aiki a gidan rediyo, ya kuma shiga aikin soja a shekarun 1960, zamanin yaƙin basasa. Wasansa na Samanja Mazan Fama ya fara fitowa daga Kaduna a farkon shekarun 1970, ya karɓu a rediyo da talabijin, daga bisani aka riƙa nuna shi a duk faɗin ƙasa. Abubuwa biyu ke nan a rayuwarsa suka shirya shi don wannan aiki. Na farko, Hausa ba harshen uwa ba ce gare shi, don haka ya san wuraren da harshen mai koyo yake tuntuɓe. Na biyu, ya zauna a bariki, ya ji yadda ake magana a can da kunnensa.

Lokacin da wasan ya fito shi ma abin lura ne. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka gama yaƙi sun kai wajen 250,000. Barikoki ba su isa ba, sai sojoji da yawa suka kama haya a cikin unguwanni, suna haɗa rijiya da famfo da layin mota da farar hula. Ga kuma mulki a hannun soja tun daga 1966 har zuwa 1979, ya kuma sake komawa hannunsu daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Soja ya zama maƙwabci, ya kuma zama mai mulki, talaka kuwa yana tsoronsa ta fuskokin nan biyu. A cikin wannan hali ne wani mutum ya sa kaki ya fito a akwatin talabijin na gwamnati, ya ba jama'a damar yi wa soja dariya a fili.

Muƙamin da ya zaɓa ya nuna basira. Samanja, wato saje-manjo, shi ne a ƙolin ƙananan sojoji, amma bai kai hafsa ba. A zamanin Turawa, har zuwa ƙarshen shekarun 1940, kusan nan ne iyakar inda baƙar fata yake kaiwa, shi ya sa muƙamin ya yi kwarjini a idon jama'a, aka kuma sami mashahuran mutane da suka riƙe shi irin su Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Mai wannan muƙami yana tsakiya ne: akwai waɗanda ke rawar jiki a gabansa, akwai kuma waɗanda shi yake rawar jiki a gabansu. Ga mai wasan barkwanci babu matsayin da ya fi wannan albarka, domin mutum guda zai iya zama zaki a fitowa ta farko, ya koma kyanwa a ta biyu. Hatta kirarin nan na "Mazan Fama" harshen damo gare shi. Fama na nufin yaƙi, kamar a "fagen fama", yana kuma nufin ɗawainiyar yau da kullum, kamar a "fama da iyali". Kirarin ya yi wa mai kallo alkawarin ma'ana ta farko, wasan kuma ya kawo masa ta biyu.

4.0 Mene ne Barikanci?

Dangantakar Hausa da aikin soja ta girmi Nijeriya. A 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko wadda aka fi sani da Hausawan Glover, ita ce kuma ake ɗauka a matsayin tushen sojan ƙasar nan. Da aka ɗora wa Lugard alhakin kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce ta zama harshen da hafsoshin Ingila ke magana da sojojinsu, har ana yi musu jarrabawa a kanta. Haka abin ya ci gaba har wajejen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turanci ya fara karɓe wannan matsayi. Amma da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka soja ba Hausawa ba ne. Akwai Tibi da Bacama da Angas da Dakarkari da Zabarmawa da Barebari da sauransu. Bature yana magana da Hausar da ya koya a littafi, kurtu yana amsawa da wadda ya tsinta a bariki, matansu da 'ya'yansu kuma suna ciniki da ita a kasuwar bariki. Daga wannan cuɗanya ce Barikanci ya samu.

Barikanci ba karin harshe ba ne irin Sakkwatanci ko Katsinanci, domin ba shi da wata ƙasa tasa, ba kuma harshen uwa ba ne ga masu shi na asali. Nau'i ne na hulɗa, wanda aka sauƙaƙa tsarin sautinsa da nahawunsa, aka kuma cika shi da kalmomin aro na aikin soja. Wasu daga cikin kalmomin sun fito daga bariki sun zauna daram a daidaitacciyar Hausa, alal misali soja, kurtu, farabiti, kofur, saje, hafsa, kyaftin, manjo, kanar, fareti, bataliya, da ita kanta kalmar bariki, wadda ma'anarta ta faɗaɗa har ta ba mu "ɗan bariki" da "zaman bariki". Amma tsarin jimlarsa bai sami shiga ba. Bahaushe yana jin sa, yana gane shi, yana kuma ɗaukar sa a matsayin gurɓatacciyar Hausa. Wannan abin da aka raina shi ne Usman Baba Pategi ya ɗauka ya gina wasansa a kai.

5.0 Yadda Samanja ya Sarrafa Barikanci

Misalan da za su biyo baya an ƙirƙire su ne domin fito da siffofin da ake magana a kansu, ba an ciro su daga wani shiri ba ne.

5.1 Tsarin Sauti

Babbar alamar Barikanci ita ce zubar da baƙaƙen nan masu wahalar furtawa ga baƙo, wato haɗiyau ɓ da ɗ, da tunkuɗau ƙ da ts. Ana maye gurbinsu da b da d da k da s. Da yake waɗannan sautuka suna bambanta ma'ana a Hausa, zubar da su yakan haɗe kalmomi biyu su zama ɗaya a kunne:

(1) a. tsaya / saya
b. ƙarya / karya
c. ƙasa / kasa
d. ƙafa / kafa
e. ɗaura / Daura

Ga mai magana na yau da kullum wannan matsala ce da muhallin zance yake warwarewa. Ga ɗan wasa kuwa taska ce. Sojan da ya daka wa mutum tsawa yana nufin ya tsaya, amma abin da ya fito daga bakinsa ya zama umurnin ciniki, ya riga ya zubar da rabin kwarjininsa kafin ya rufe baki. Abin da ya bambanta gwani da ɗan koyo a nan shi ne daidaito. Bahaushen da yake kwaikwayon baƙo yakan manta, ya furta ƙ daidai a wannan jimla, ya zubar da ita a ta gaba, sai kunne ya gane cewa wasa yake yi. Samanja ya riƙe tsarin nasa daga farkon shiri zuwa ƙarshe, mako bayan mako, har mai sauraro ya daina jin kuskure, ya koma jin muryar wani mutum da ya sani.

5.2 Nahawu

Alama ta biyu ita ce rushewar jinsi. Hausa tana bambanta namiji da mace a wakilin suna da mahaɗi da madanganci, amma yawancin harsunan da ke maƙwabtaka da ita ta kudu, har da Nufanci, ba su da wannan tsari. Saboda haka mai Barikanci yakan mayar da komai namiji, ya kuma jingina da wakilin suna katsattse inda ake bukatar lamirin da ya dace:

(2) a. Matata ta tafi kasuwa.
b. Matana ya tafi kasuwa.

(3) a. Ni na gaya maka.
b. Ni ya gaya maka.

Jimla ta (2b) ba ta ɓatar da ma'ana ba, amma ta taɓa wani abu mai nauyi a al'adar Bahaushe, wanda yake ɗaukar kiran mace da "ya" ko namiji da "ta" a matsayin abin dariya, wani lokaci ma cin fuska. Mutumin da ke ƙoƙarin nuna shi ne maigida, alhali nahawunsa bai bambanta shi da matarsa ba, ya ba mai kallo abin dariya tun kafin labari ya motsa. Jimla ta (3b) kuwa tana sa mai magana ya ambaci kansa kamar yana ambaton wani, abin da ya dace ƙwarai da mutum mai ji da muƙaminsa.

5.3 Kalmomi da Gauraya Harshe

Alama ta uku ita ce cusa Turancin fareti da na broka a tsakiyar Hausa. Ya kamata a bambanta wannan da Ingausar 'yan boko. Ɗan boko yana gauraya harsuna biyu ne da ya iya, Samanja kuwa yana gauraya harsuna biyu ne waɗanda ba ko ɗaya da ya zauna sosai a bakinsa, amma yana furta su da cikakken ƙarfin hali. Daga wannan tazara da ke tsakanin ƙarfin murya da raunin harshe ne mafi yawan dariyar take fitowa. Bugu da ƙari, yakan ɗauki kalmomin bariki ya kai su inda ba muhallinsu ba, ya dubi rikicin cikin gida ko na unguwa da idon fareti da horo da gadirum, kamar dai duniya duka bariki ce. A zamanin da soja ke mulkin ƙasa da dokar soja, mai kallo mai hankali ba ya bukatar a fassara masa wannan. Sunayen taurarin wasan ma, irin su Mutuwa Dole, daga wannan rumbu na laƙabin bariki aka ɗebo su.

5.4 Harshe da Matsayi

A nan ne gwanintar ta fi fitowa. Samanja ba murya ɗaya gare shi ba. A gaban na ƙasa da shi jimlolinsa gajeru ne, umurni ne zalla, murya a sama. A gaban hafsa jiki yakan ƙame, murya ta sauka, Turanci ya ƙaru, "sa" ta maye gurbin "ranka ya daɗe". A cikin farar hula da iyali kuwa, inda magana ke tafiya da habaici da karin magana da zaurance, sai ya zama shi ne baƙo, waɗanda yake yi wa tsawa su ne masu gari a fagen zance. Wato a kowace fitowa, nau'in harshen da ake magana da shi yana nuna wa mai kallo wanda ke da iko a wurin. Abin da masana walwalar harshe ke bayyanawa da dogon sharhi game da dangantakar harshe da matsayi, wannan ɗan wasa ya nuna shi a aikace ga mutanen da ba su taɓa shiga aji ba.

6.0 Me ya sa Dariyar ba ta Zama Faɗa ba?

Tambaya ce da ta cancanci amsa: yaya aka yi wasan da ke kwaikwayon soja, a ƙarƙashin mulkin soja, da harshen da ake dangantawa da wasu ƙabilu, ya daɗe haka yana karɓuwa har a cikin barikoki? Ana iya kawo dalilai uku.

Na farko, al'adar Hausa ta riga ta tanadi gurbin irin wannan wasa. Ɗan kama yana kwaikwayon malami, ya ɗauki zubin karatu da wa'azi ya cika shi da zancen abinci, malamai kuma su yi dariya. A wasan gauta ana kwaikwayon sarki da fadawansa a cikin fada. A tashe yara suna kwaikwayon manya. Ƙa'idar ita ce a taɓa riga, a bar mutuncin mai ita. Samanja ya bi wannan ƙa'ida: ana yi wa tsawarsa da harshensa dariya, amma ba a nuna shi a matsayin matsoraci ko maci amana ba.

Na biyu, akwai wasan barkwanci tsakanin al'ummomi, irin na Katsinawa da Nufawa, da Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, wanda kwaikwayon maganar abokin wasa yana cikin kayan aikinsa. Jama'a sun saba da jin ana karya harshe don raha ba tare da an ƙullaci juna ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, mai wasan ɗan gida ne ta ɓangarorin biyu. Tsohon soja ne yake kwaikwayon soja, wanda ya koyi Hausa ne yake kwaikwayon mai koyon Hausa. Da Bakano ne wanda bai taɓa sa kaki ba ya yi wannan wasa, da wataƙila an ji shi a matsayin izgili. A bakin Usman Baba Pategi sai ya zama mutum yana yi wa kansa dariya, yana kuma gayyatar jama'a su taya shi. Ta haka sojan da ake gudu a hanya ya zama mutum mai iyali da bashi da maigida a wurin aiki, kamar kowa.

7.0 Inda Aikin ya yi Rauni

Yabon gwani ya zama dole, amma nazari ba ya cika sai an faɗi inda aka gaza. Da farko, zambon wasan yana da iyaka. Ya tsaya a kan samanja da kofur da kurtu, bai hau zuwa ga waɗanda ke riƙe da ƙasa ba. Gidan talabijin na gwamnati ne, kuma ana iya cewa wasan ya yi wa mulkin soja amfani, tunda ya sa kaki ya zama abin sabo. Haka nan, kamar sauran wasannin zamaninsa, saƙon faɗakarwa yakan fito ƙarara a wasu lokuta har ya danne wasan.

Na biyu, duk da kyakkyawar niyyar mai wasan, ba za a musa ba cewa irin wannan raha tana ƙarfafa ra'ayin da ke ɗaukar Hausar wanda ba Bahaushe ba a matsayin abin dariya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bunƙasar Hausa a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba ta dogara ne ga miliyoyin mutanen da suka ɗauke ta a matsayin harshe na biyu. Daga nan kuma wani gargaɗi yake fitowa ga masu nazarin harshe: Barikancin dandamali ba shi ne Barikancin bariki ba. Ɗan wasa yakan zaɓi siffofin da kunne ya fi kamawa ya ƙara musu gishiri, ya bar waɗanda za su hana a fahimce shi. Maganar Samanja hujja ce a kan yadda jama'a suke jin Barikanci, amma sai an gwada ta da maganar tsofaffin sojoji kafin a kafa hujja da ita a kan yadda ake yin sa.

Na uku, da wasan ya koma na ƙasa baki ɗaya a shekarun 1980, sai aka karkata shi zuwa broka domin waɗanda ba su jin Hausa. An sami ƙarin masu kallo, amma an yi hasarar wani abu. Dariyar misalai na (1) zuwa (3) ba ta samuwa sai mai sauraro yana riƙe da daidaitacciyar Hausa a ransa yana auna abin da ya ji da ita. Kwatanci da Cif Zebrudaya, wanda Chika Okpala ya fito a matsayinsa a wasan The New Masquerade daga Inugu, zai fayyace wannan. Zebrudaya yana karya Turanci ne, ma'auninsa kuma shi ne Turancin makaranta, wanda masu kallo daga Ikko har Maiduguri suke da shi. Don haka wasansa ya ƙetare iyakar yanki ba tare da ya canza harshe ba. Ma'aunin Samanja kuwa Hausa ce. Da aka janye ta, sai tsawa da kaki da motsin jiki suka rage, waɗanda ko da yake suna da daɗin kallo, ba su ne zuciyar fasahar ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa gwanintar Usman Baba Pategi ta harshe ce kafin komai. Ya ɗauki nau'in Hausar da aka raina, ya riƙe ƙa'idojinsa na sauti da nahawu ba tare da tangarɗa ba, ya kuma yi amfani da sauyawar harshe wajen nuna yadda iko yake tafiya tsakanin hafsa da kurtu, da tsakanin soja da farar hula. Irin wannan nazari yana jiran takwarorinsa: Sakkwatanci a bakin Golobo, da Hausar Jos a bakin Karkuzu, da harshen shari'a a wasan Kuliya Manta Sabo na Kano, da kuma yadda Ƙasimu Yero ya yi aiki da harsuna biyu, a Karambana da Hausa, a Cock Crow at Dawn da Turanci. Graham Furniss ya ba wasannin talabijin gurbi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, amma abin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa.

Matsalar ita ce kayan aikin suna salwanta. Da yake ba a rubuta wasannin ba, kaset ne kaɗai matani, ga shi an sha goge kaset a ɗauki sabon shiri a kansa, waɗanda suka tsira kuma zafi da ƙura suna cin su. Amma akwai abin ƙarfafa gwiwa. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 aka kuma daɗe ana zaton ya ɓata, an gano shi a taskar Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin da aka yi wa wannan fim ana iya yi wa Samanja da 'yan'uwansa. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su nemi haɗin kan gidajen NTA na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos a tattara abin da ya rage a juye shi zuwa na'urorin zamani, a kuma yi hira da masu shiryawa da 'yan wasan da ke raye. Sannan a rubuta zaɓaɓɓun shirye-shirye a takarda domin aji, da sharaɗin kada mai rubutawa ya gyara wa Samanja Hausarsa. Inda ya ce "saya" yana nufin "tsaya", a rubuta "saya", domin idan aka mayar masa da ts an kashe wasan.